Maman Waya Ta Ajiye Filaya

Ƙarfe bakwai saura kwata take buɗe ƙofar, tun masu shara ba su gama da barandar asibitin ba. Ɗakin nata yana can ƙarshen ginin, sai an wuce wurin karɓar magani an hau matakala, kuma tagarsa ɗaya ce, mai kallon gabas. Ba ta fara kunna fitila. Takan yaye labule, ta rataye mayafinta a bayan ƙofa, ta tsaya ta bar hasken safiya ya shigo a hankali, ya bi ta kan kujerar marasa lafiya, ya haye teburin da ta jera 'yan filayoyinta, sannan ya isa kantocin bango. A kan kantocin nan akwai siffofin bakunan mutane barkatai da aka zuba da farar ƙasa, muƙamuƙin sama da na ƙasa, kowane haƙori a inda ya tsiro, an ɗaure su bibbiyu an rubuta kwanan wata da fensir a ƙarƙashi. Idan rana ta taɓa su sai ɗakin ya yi wani irin fari mai sanyi, mutum ya rasa ko a farke yake.

Daga nan sai ta sauko da na waɗanda za ta gani ranar, ta zauna tana jujjuya su a tafin hannu. Sista, nas ɗin da suka shekara ashirin da bakwai tare, ta ce sau da yawa takan shigo ta tarar da ita tana yi wa farar ƙasar magana ƙasa-ƙasa, tana tambayar wani haƙori me ya hana shi tahowa. Shayinta kuwa kullum sai ya huce kafin ta tuna da shi.

Likitar haƙori ce, amma ba mai cirewa ba. Aikinta saita jerin haƙora: waɗanda suka hau kan juna, waɗanda suka turo leɓe waje, da muƙamuƙin da ya riga ɗan'uwansa girma. Takan manna 'yan maɓallan ƙarfe a kan haƙoran, ta zura siririyar waya ta cikinsu, wayar ta riƙa jan su sannu a hankali zuwa inda ya kamata. Daga nan yara suka raɗa mata Maman Waya, sunan ya bi ta har ya danne na yanka. An taɓa yin wani bawan Allah da ya hau matakalar nan yana haki, riƙe da wayarsa da ta faɗa ruwa, wai an ce masa a nan Maman Waya take. Ta karɓa ta duba gaba da baya, ta ce masa in dai tana da haƙora ya kwantar da ita a kujera.

Shekara talatin da biyu ke nan tana wannan ɗaki. A watan nan ta ajiye aiki, babu ganga babu jarida, shi ya sa muka ga bai dace a yi shiru ba.

Ba da wannan fanni ta fara ba. Shekarunta shida na farko cire haƙori ta yi, tun safe har azahar, kuma ta iya. Wata rana aka kawo mata yarinya 'yar shekara goma sha uku, fiƙarta ta fito can sama a kan dasashi saboda babu wuri a layi, iyayen suka ce a cire. Ta cire. Da haƙorin ya faɗo tafin hannunta sai ta gan shi fari tas, ko ɗigon ruɓa babu, saiwarsa doguwa mai ƙarfi, irin wanda zai yi shekara saba'in yana aiki. Ta kasa jefa shi cikin kwano. Bayan 'yan watanni ta karanta a wata mujallar likitoci cewa irin wannan haƙori ana iya buɗa masa wuri a sauko da shi. Ta ce ranar ji ta yi kamar ta sare itace mai 'ya'ya don kawai ya tsiro a bakin hanya.

Sai ta koma karatu, shekara uku, ta bar yara biyu a hannun maigidanta, malamin makaranta mai koyar da labarin ƙasa. Shi ya koyi dafa abinci da tsefe kitso. Har yau yakan ce bai yi mamaki ba, don tun ranar da ya fara zuwa wurinta ya lura ba idonsa take kallo ba, bakinsa take kallo, shi kuwa ya ɗauka daɗin maganarsa ne.

Abin da ya fi ɗaukar hankalinta a karatun shi ne yadda ƙashi yake. Mu muna ganinsa kamar dutse. Ita ta san yana da rai: idan aka matsa haƙori da ɗan ƙarfi kaɗan, ƙashin da ke gabansa yana narkewa ya ba shi hanya, na bayansa kuma yana ginuwa ya cike gurbin. A wata guda haƙori ba ya wuce tafiyar milimita ɗaya. Mutum yana cin abinci, yana karatu, yana barci, haƙoransa na tafiya bai sani ba. Takan gaya wa ɗalibai cewa duk wanda ya ƙara ƙarfi don ya yi sauri, saiwa zai kashe. Ta shekara ashirin tana auna muƙamuƙin yaran da ke zuwa wurinta tana rubutawa, saboda littattafan da ta karanta duk da fuskokin wasu mutane aka rubuta su, ita kuwa tana son sanin yadda fuskar yaran da ke gabanta take girma. Ta wallafa abin da ta gano, ta ce in an yi sa'a mutum goma sha biyu sun karanta, ciki har da maigidanta da ya gyara mata waƙafi. Ba kuma komai take gyarawa ba. 'Yan mata nawa suka zo a rufe musu wushirya ta miƙa musu madubi ta ce su je su yi wata uku suna kallo, in har lokacin ba su ga kyan ba su dawo. Akasarinsu ba su dawo ba.

Ke ce mai haƙurin da ba ya cika baki. Ke ce kika zaɓi aikin da ba a ganin amfaninsa ranar da aka yi shi, ba kuma a watan ba, wani lokaci sai yaron ya yi gemu.

Amma in aka tambayi Sista wane aiki ne ba za ta manta ba, ba ta tsayawa tunani. Na Tsuntsuwa ne.

Shekara goma sha tara da suka wuce, wata ranar Talata da hantsi, wata tsohuwa ta hau matakalar tana hutawa bayan kowane taki uku, rungume da jaririya cikin tawul. Daga sashen yara aka turo ta. Jikarta ce, kwananta goma sha biyu a duniya. Leɓenta na sama a tsage yake har cikin hanci, ganɗarta ma a rabe, ta yadda babu abin da ya raba baki da hanci. Idan ta kama nono ba ta iya zuƙa, ɗan abin da ya shiga kuma ta hanci yake fitowa. Da kilo uku aka haife ta, yanzu ta koma biyu da ɗan ɗoriya. Likitan tiyata ya ce zai ɗinke leɓen, amma sai ta kai kilo biyar, ita kuwa ƙasa take yi. Da aka buɗe tawul ɗin ta wangame ɗan bakinta tana neman abinci ba sauti, Sista ta ce kamar tsuntsuwa a sheƙa, sunan da ya zauna mata ke nan.

Tsohuwar ta ba da labari a tsaye, ta ƙi zama. Uwar tana gida ta juya wa duniya baya, ba ta iya kallon yarinyar ba ta yi kuka ba. Uban direban babbar mota ne, yana kan hanya, bai ma ga 'yar tasa ba. Maƙwabta kuma kowa da abin da yake faɗi game da laifin da uwar ta yi tana da ciki.

"Likita, ni ba kyau na zo nema ba," in ji ta. "Ta ci abinci kawai. Kukan ma ya fara ƙare mata."

Maman Waya ta san akwai wani ɗan faifan roba da ake yi wa irin waɗannan jarirai, ya rufe ramin ganɗa su samu abin da za su danna harshe a kai. Ta karanta shi, ta ga an yi sau biyu lokacin karatu, amma ba ta taɓa yi da hannunta ba. Haka ta gaya wa tsohuwar, ba ta ɓoye ba. Ta kuma gaya mata cewa babu laifin uwa a ciki, halitta ce da kan zo haka tun ciki yana 'yan makonni. Tsohuwar ta ce ta yi, hannun da bai taɓa ba ya fi babu hannu.

Kafin a yi faifan sai an ɗauki siffar ganɗar, kuma duk kayan ɗakin na manya ne. Ta yanke kan ƙaramin cokalin roba, ta gasa shi a wuta ta lanƙwasa har ya yi daidai da ɗan bakin. Haɗarin shi ne kwaɓin da ake ɗaukar siffa da shi ya gutsure ya toshe wa jaririya numfashi, don haka Sista ta kifa ta a kan cinyarta, kai ƙasa, tana ƙirga daƙiƙoƙi a fili. Na farko bai fito ba. Maman Waya ta je taga ta tsaya, ta kalli itatuwan harabar asibitin, ta dawo. Na biyu ya fito, kowane lungu a bayyane. Ta sallami sauran masu jira da ba su haƙuri, ta wuni tana zubawa, tana karta, tana gogewa, har ta fitar da wani ɗan abu mai ruwan hoda, bai fi kan babban yatsa ba, siriri kamar farce.

Washegari da safe ta sa shi a bakin Tsuntsuwa. Yarinyar ta yi yunƙurin amai, ta yamutsa fuska, ta ture shi da harshe. Aka jira. Aka sake sawa, aka kawo kwalbar shayarwa da nonon uwar da aka tatso. Ta kama, ta saki, ta sake kamawa. Can sai aka ji wani ɗan sauti daga maƙogwaronta, ƙut, sannan wani, sannan wani, kuma babu abin da ya fito ta hanci. Tsohuwar, wadda tun jiya ta ƙi kujera, ta sulale ta zauna a ƙasa. Sista ta ce ta ji waƙoƙi da yawa a rayuwarta, amma ba ta taɓa jin abin da ya kai wannan haɗiyar daɗi ba.

Wani likitan da nan zai tsaya, kuma ba wanda zai zarge shi. Ita sai ta ce a kawo mata uwar. Aka yi mako uwar ba ta zo ba. Ranar Asabar da safe ta sa maigidanta ya sauke ta a bakin wani lungu da mota ba ta shiga, ta bi kwatance har wani ɗaki mai labule a sake. Ba ta yi wa'azi ba. Ta gaishe da maijegon, ta ɗauki jaririyar tana jijjigawa, can ta ce hannunta ya gaji, ta ɗora mata ita a cinya kamar ba da gangan ba. Ta nuna mata yadda ake wanke faifan da yadda ake sa shi, ta ce yatsun tsohuwa sun fara rawa, dole wani ya koya. Sannan ta fito da hotunan wasu yara da aka yi wa ɗinki, ta baza a kan gado. Matar ta daɗe tana kallo, sannan ta tambaya da muryar da ta dushe ko 'yarta za ta yi magana.

"Za ta yi magana har ki roƙe ta ta yi shiru," in ji Maman Waya.

Duk mako biyu ana gyara faifan saboda bakin yana girma, duk mako biyu allurar sikeli tana ɗan matsawa. A wata na huɗu ta taɓa biyar. Aka ɗinke leɓen, kafin shekara aka ɗinke ganɗar. Uban ya zo da buhun lemo a kafaɗa, ya tsaya a bakin ƙofa yana murza hularsa, ya ajiye buhun ya juya. Sati guda duk asibitin ƙanshin lemo yake.

A ɗakin nan Tsuntsuwa ta girma. A nan ta koyi ƙirga, da bakunan farar ƙasa. Tana shekara takwas aka sa mata abin faɗaɗa muƙamuƙin sama, mai ɗan makulli da kakarta ke murzawa kowace safiya, sannan likitan tiyata ya ɗebo ɗan ƙashi daga ƙugunta ya cike giɓin dasashin. Tana goma sha biyu aka sa waya. Maganar da aka yi alkawari kuwa ta zo har ta yi yawa, don sai an roƙe ta take buɗe baki ta yi shiru a lokaci ɗaya.

Tana goma sha huɗu kakar ta rasu. Bayan wata biyu uwar ta kawo ta tana faɗa tun daga matakala: yarinya ta sa abin yankan farce ta datse wayar, ta ɓamɓare maɓallai uku. Maman Waya ta ce uwar ta ɗan jira a waje. Ta jawo kujera ta zauna daidai da yarinyar, ta tambaye ta ko ciwo ne. Tsuntsuwa ta girgiza kai. Ta ce tun da ta yi wayo ake gyara ta, kowa in ya dube ta abin da ya rage yake gani, kuma mutum ɗaya da ke kallonta a matsayin cikakkiya an binne ta.

"Anti Likita, na gaji da zama aikin da ba a gama ba."

Maman Waya ta san in aka tsaya yanzu rabin tafiyar shekara biyu za ta koma baya. Ta kuma san ita ma, ba da nufi ba, tana cikin masu irin wannan kallon. Ta gaya wa yarinyar gaskiyar abin da zai faru da haƙoran, ba ƙari ba ragi, sannan ta ɗauki filaya ta cire sauran maɓallan ɗaya bayan ɗaya, ta goge haƙoran tas. Ta ce bakinta ne, ita ke da iko da shi, kuma Talatar farko ta kowane wata, ƙarfe tara, lokacinta ne ko ta zo ko ba ta zo ba.

Wata goma sha huɗu lokacin nan yana zuwa yana wucewa ba kowa. Sista ta yi mita har ta gaji, ga layi har matakala ga kujera a banza. Maman Waya kuwa sai ta zauna bakin taga na minti ashirin, tana kallon inuwar itatuwa na rarrafe a kan rufin motoci, sannan ta ce a shigo da na gaba. A cikin watannin nan ne wani babban asibiti a wata ƙasa ya aiko yana nemanta, da gida da mota da ɗakin bincike irin wanda ta daɗe tana mafarki. Ta ajiye takardar a ƙarƙashin kofin shayi har ta yi zobe. Da maigidanta ya tambaye ta me ta yanke, ta ce akwai baki arba'in da ɗaya da ke tsakiyar hanya, da kuma ɗaya da bai dawo ba tukuna. Ya ce dama shi bai ga wanda zai shayar masa da shukokinsa ba.

Wata Talata, tara ta ɗan gota, aka ƙwanƙwasa. Tsuntsuwa ce ita kaɗai, cikin kayan makaranta, ta yi tsawo har ta kusa taɓa saman ƙofa. An zaɓe ta cikin masu muhawara, ta ce, kuma akwai haruffan da iska ke tsere mata a cikinsu, tana so a ji ta sosai. Ta tambaya ko har yanzu akwai wuri.

"Kin makara da minti biyar," in ji Maman Waya. "Hau kujera."

Ke ce kika san cewa jira ma aiki ne. Ke ce kika bar ƙofa a buɗe ba ki leƙa waje kina kira ba, har mai ita ta dawo da ƙafarta.

Bara, wata safiya, tana lanƙwasa waya sai ta ga bakin filayar yana karkarwa kaɗan, kamar ganye in iska ta gifta. Ta ɗauka yunwa ce. Ya sake yi washegari. Abokin aikinta likitan jijiyoyi ya duba hannun ya ce ciwon rawar hannu ne, ba abin da zai kashe ta ba ne, amma ba zai tafi ba, sai dai ya ƙaru. Ta yi mako uku ba ta gaya wa kowa ba. Saura wata takwas a gama da Tsuntsuwa, kuma watannin ƙarshe su ne na lanƙwasa mafi siriri, inda kuskuren da bai kai kaurin gashi ba yake karkatar da haƙori. Shekara goma sha takwas ta yi tana hango wannan ƙarshen. Ta riƙa gaya wa kanta cewa wata takwas ba komai ba ne, za ta iya dafe gwiwar hannu a kan tebur.

Sai ranar da ƙarshen waya ya ɗan karci kumatun wata yarinya ta ciki. Jinin bai fi ɗigo ba, yarinyar ma ba ta yi kuka ba. Maman Waya ta ajiye filayar, ta ba uwar yarinyar haƙuri ta gaya mata dalili, kafin azahar kuma ta sauka ta sanar da shugaban asibiti. Ta kira Ƙaramar Likita, wadda ita ta koyar da ita tun tana ɗaliba, ta miƙa mata filayoyin duka, har da wadda mariƙinta ya goge saboda daɗewa.

Tsuntsuwa ba ta yarda ba. Ta ce wadda ta fara ita za ta gama, ba ta son hannun kowa a bakinta. Maman Waya ba ta yi gardama ba, ta miƙa hannunta na dama a tsakaninsu ta bar shi ya yi abin da yake yi. Suka zuba masa ido su biyu.

"Idona yana nan, 'yata," ta ce. "Hannu kawai zan ara."

Wata takwas ta yi a kan wata 'yar kujera a gefen hagu, hannayenta a cinya, tana cewa a ƙara kaɗan, a tsaya nan, ya isa. Ƙaramar Likita ta ce a watannin nan ta koyi abin da ba ta koya ba a shekara uku, kuma ba sau ɗaya ba ta ga yatsun malamar tata suna motsi a kan cinya, suna lanƙwasa wayar da babu ita.

Ranar cirewa rana ce mai haske, an yi ruwa da asuba iska ta yi sanyi. Ƙaramar Likita ta cire maɓallan duka ta bar ɗaya, na haƙorin gaba, ta juyo ta miƙa filayar. Maman Waya ta girgiza kai. Sista ta ce ta karɓa mana, ai wannan ko makaho ya cire. Ta karɓa, hannun ya fara rawarsa. Tsuntsuwa tana kwance baki buɗe, sai ta ɗago nata hannun ta riƙe wuyan hannun likitar, ta riƙe shi gam har ya tsaya. Aka ji ƙas.

Aka ba ta madubi. Ta daɗe tana kallo. Tabon yana nan, siririn layi daga hanci zuwa leɓe, ba wanda ya taɓa ce mata zai ɓace. Ta bi haƙoran da harshe ta ce santsi gare su kamar ba nata ba. Ta karkata kai hagu, ta karkata dama, ta yi murmushi kaɗan, ta ƙara. Sannan ta sauke madubin ta dubi mahaifiyarta da ke tsaye a bakin ƙofa tana danne kuka.

"Umma," ta ce, "ashe da ke nake kama."

Yanzu tana jami'a tana karatun shari'a, kuma an ce malamanta ma sai sun shirya kafin su ja da ita.

Makon jiya Maman Waya ta fita da maigidanta sayen irin shuka. A bakin shagon wani ƙaton mutum mai gemu ya durƙusa yana gaishe ta, ita kuwa tana amsawa tana laluben inda ta san shi. Sai da ya yi dariya ta tafa hannu, ta ce ai shi ne mai tsotsar yatsa har aji huɗu, ta kuma tambaye shi yaushe ya daina sa robar da ta ce ya riƙa kwana da ita, don ga haƙorin ƙasa ɗaya ya fara leƙowa. Mutumin, mai 'ya'ya uku, ya sunkuyar da kai yana sosa ƙeya. Maigidan ya ce wa mai shagon haka suke fama, fuska takan ɓace mata amma baki bai taɓa ba.

Mun gode, Maman Waya. Mun gode a madadin waɗanda suka tauna abinci ba ciwo, da waɗanda suka tsaya gaban jama'a aka ji su, da jariran da suka haɗiyi nono suka rayu. Mun gode da gaskiyar da kika faɗa ranar da ba ki taɓa yin aikin ba, da wadda kika faɗa ranar da hannunki ya gaza. Allah ya ba ki lafiya da hutu mai daɗi, ya sa ki ga jikokin waɗanda kika yi wa aiki.

Ku kuma matasan likitoci, da malaman makaranta, da duk mai aikin da sai an daɗe ake ganin amfaninsa, ga abin koyi nan a raye, ba a littafi ba. Ku koyi matsawa a hankali, ku koyi jiran wanda ya yi fushi ya tafi, ku koyi miƙa kayan aiki tun kafin a karɓe su daga hannunku. In kuma kana cikin waɗanda suka taɓa kwanciya a kujerarta, kada ka jira sai an ce ta rasu ka zo da yabo. Da hantsi tana barandar gidanta cikin tukwanen shuka. Ka je ka gaishe ta, kuma in ta ba ka dariya kada ka sa hannu ka rufe baki. Aikinta take son gani.